Gidan Katako Domin Ƙudan Zuma Magini: Yadda Ake Haɗa Shi da Kula da Shi

Ƙudan zuma magini wani nau'in ƙudan zuma ne da ba ya yin zuma, ba ya zama a amya, ba shi kuma da sarauniya. Kowace mace ita kaɗai take neman rami a jikin busasshen itace ko cikin kara, ta zuba abinci, ta yi ƙwai, ta toshe da laka. Wannan ginin laka ne ya jawo masa sunan magini. Manoman 'ya'yan itatuwa a Japan da Turai da Arewacin Amurka suna kiwonsa ne saboda barbarar furanni, wato ɗaukar garin fure daga wani fure zuwa wani, wanda idan babu shi itatuwa irin su tuffa da almon ba sa yin 'ya'yan kirki.

Da yake wannan ƙuda ba ya iya haƙa rami da kansa, sai dai ya shiga wanda ya tarar, mutane sun gano cewa guntun katako da aka huda wa ramuka yana wadatar da shi. Huda katakon aikin yini ɗaya ne. Abin da ke raba gida mai amfani da gida mai cutarwa shi ne awon ramukan, da wurin da aka kafa gidan, da tsaftace shi kowace shekara. Gidan da aka rataye aka manta da shi yakan koma matattarar cuta da ƙwari masu cin 'ya'yan ƙudan, ya hallaka abin da aka yi niyyar taimaka wa.

Asalinsa da nau'o'insa

Masana sun san nau'in ƙudan zuma kimanin 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu masu zaman kaɗaici ne. Masu zama jama'a guda, kamar ƙudan zuman amya da galla, su ne 'yan tsiraru. Daga cikin masu zaman kaɗaicin, kimanin kashi 70 cikin 100 a ƙasa suke haƙa gidajensu, sauran kuma suna amfani da ramukan itace da karare. Magini yana cikin rukuni na biyu.

A ilimin kimiyya ana kiran jinsinsa Osmia, sunan da masanin ƙwari na Jamus, Georg Panzer, ya ba shi a 1806. Jinsin ya ƙunshi nau'i fiye da 300, kusan dukansu a yankunan arewacin duniya masu sanyi. Huɗu ne suka fi shahara wajen manoma. Akwai Osmia lignaria na Arewacin Amurka, mai launin shuɗi-baƙi mai ƙyalli. Akwai Osmia bicornis da Osmia cornuta na Turai, masu jan gashi a ciki. Sai Osmia cornifrons na Japan da Koriya da Sin. Dukansu ba su kai ƙudan zuman amya girma ba, ko kuma sun yi kusan daidai da shi.

Bai kamata a ɗauke shi a matsayin zanzaro ba, duk da cewa su biyun da laka suke aiki. Zanzaro yana tara wa 'ya'yansa tsutsotsi ko gizo-gizo, shi kuwa magini garin fure da ruwan zaƙin fure kaɗai yake tarawa. Namijin magini ba shi da ƙari. Macen tana da shi, amma da wuya ta yi harbi sai an matse ta, domin ba ta da rumbun zuma ko rundunar da za ta kare. Saboda haka ake kafa gidajensa a harabar makarantu da lambunan cikin gari.

Rayuwarsa a cikin shekara

Duk awon gidan ya dogara ne da yadda ƙudan yake rayuwa, don haka wajibi ne mai haɗa gidan ya fara fahimtar wannan. Magini zuriya ɗaya yake yi a shekara. A ƙasashen da yake, yana fitowa ne bayan hunturu, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin rana ya kai wajen digiri 13 a ma'aunin Salsiyos kuma itatuwa suka fara fure. Maza ne ke fara fitowa, su jira mata na wasu kwanaki a bakin ramuka. Bayan barbara mazan ba sa daɗewa suke mutuwa.

Macen tana rayuwa mako huɗu zuwa shida, kuma duk kwanakin nan aiki take yi. Idan ta zaɓi rami, sai ta fara daga can ƙarshensa. Tana tara garin fure tana kwaɓa shi da ruwan zaƙin fure har ya zama ɗan dunƙule, ta ɗora ƙwai ɗaya a kai, sannan ta ɗebo laka da bakinta ta gina bango. Wannan shi ne ɗaki ɗaya. Daga nan ta soma na biyu a gaban na farko, haka har ramin ya cika, ta rufe bakinsa da laka mai kauri. Rami mai zurfin santimita 15 yakan ɗauki ɗaki biyar zuwa takwas. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta cewa macen Osmia lignaria tana ziyartar fure kimanin 75 a fita ɗaya, kuma tana yin fita kimanin 25 kafin ta haɗa abincin ɗaki ɗaya.

Uwar ce ke zaɓen jinsin kowane ƙwai. Ƙwan da ta haɗa da maniyyin namiji mace yake zama, wanda ba ta haɗa ba kuma namiji. Tana ajiye ƙwayayen mata a ɗakunan ciki, na maza a ɗakunan da ke kusa da baki. Hikimar ita ce maza su riga fita ba tare da sun tsallake kowa ba, kuma idan tsuntsu ko ƙwaro ya fasa bakin ramin, mazan ne za su fara salwanta, matan da za su ci gaba da zuriya su tsira.

Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kimanin mako guda. Tsutsar ta cinye abincinta, ta saƙa wa kanta kwanso, ta rikiɗe a ciki a watannin zafi. Kafin kaka ta ƙare ta zama cikakken ƙuda, amma ba ta fita. A cikin kwanson take kwana duk tsawon hunturu, sai shekara ta zagayo. Ke nan wajen wata goma cikin goma sha biyu, ƙudan yana cikin gidan da aka haɗa masa.

Yadda manoma suka fara kiwonsa

Masanin ƙwari na Faransa, Jean-Henri Fabre, wanda ya rayu daga 1823 zuwa 1915, yana cikin waɗanda suka fara ajiye wa waɗannan ƙudaje karare da bututun gilashi don ya ga abin da ke gudana a ciki. A nan ya lura cewa uwa tana daidaita jinsin ƙwai da girman wurin da ta samu.

Amfani da shi a gona kuwa, a Japan ya soma, a lardin Aomori da ya shahara da noman tuffa, wajen shekarun 1940. Manoma sun ga Osmia cornifrons yana shiga kararen jinkar ɗakunansu, sai suka fara ɗaure karare dami-dami suna kaiwa gona. A yau shi ne babban mai barbarar tuffa a wannan yanki. A Amurka, Philip Torchio na cibiyar binciken ƙudan zuma ta ma'aikatar aikin gona da ke Logan a jihar Utah ya yi aiki kan Osmia lignaria tun daga shekarun 1970, kuma a 2001 Jordi Bosch da William Kemp suka wallafa jagorar kiwonsa da manoma ke dogaro da ita. A Sifen da Italiya an gwada Osmia cornuta a gonakin almon da sauran itatuwan da ke fure da wuri.

Abin da ya sa yake da tasiri shi ne yadda yake ɗaukar garin fure. Ƙudan zuman amya yana jiƙa garin ya manna shi a ƙafafunsa na baya, don haka kaɗan ne ke zuba. Magini a bushe yake ɗaukarsa, a jikin gashin da ke ƙarƙashin cikinsa, kuma yana faɗa wa furen da dukan jikinsa, saboda haka kusan duk furen da ya taɓa yana samun rabonsa. Yana kuma fita da sanyin safiya da ranar hadari, lokacin da ƙudan amya ke zaune a gida. An ƙiyasta cewa mata 250 zuwa 300 sun isa barbarar eka ɗaya ta tuffa, aikin da ake kai wa amya ɗaya ko biyu mai ɗauke da dubban ƙudaje.

Batun ya ƙara muhimmanci ne saboda haɗarin dogaro da nau'i ɗaya. Jihar Kalifoniya, wadda ke samar da kimanin kashi 80 cikin 100 na almon na duniya, tana buƙatar amya wajen miliyan 2 kowane watan Fabrairu, kuma a manyan motoci ake kawo su daga jihohi masu nisa. Rahoton ƙwararru na duniya da aka fitar a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona na abinci suna amfana da barbarar ƙwari da sauran dabbobi.

Zaɓen katako da kayan aiki

Sharaɗi na farko shi ne katakon ya kasance busasshe sosai, kuma wanda ba a jiƙa shi da maganin gara ko na ruɓewa ba, domin maganin da ke kashe gara yana iya kashe tsutsar ƙuda. Ɗanyen katako yana tsagewa idan ya bushe, tsagar kuma ƙofa ce ga ruwa da ƙwari. Ƙungiyoyin kare muhalli na Jamus sun fi ba da shawarar katako mai tauri, saboda raminsa yana fita da santsi. A Amurka ana yawan amfani da katako mai taushi na gini, amma sai an tabbatar ba ya tsatso ƙaro kuma an goge ramin da kyau.

Kaurin katakon ya kai santimita 17 ko 18 daga fuska zuwa baya, don ramin ya samu zurfinsa kuma a bar saura a bayansa. Tsawo da faɗi sun danganta da yawan ramukan da ake so. Ga mai farawa, fuska mai santimita 15 a faɗi da 20 a tsawo ta wadatar. Ƙananan gidaje da yawa a warwatse sun fi babban gida ɗaya, domin cunkoso yana jawo abokan gaba.

Sauran kayan su ne zarto, da injin huda katako mai dogon baki mai kaifi, da samfefa, da ƙusoshi, da guntun falanki na rufi, da ragar waya. Bakin hudar da ya dakushe yana ƙona katako yana barin tsini a cikin rami, tsinin kuma yana yaga fukafukan ƙuda, wanda ke shiga da fita sau da dama a yini, wani lokaci da baya-baya. Idan za a yi fenti, a tsaya a rufi da gefuna, a bar fuska da cikin ramuka.

Awon ramuka da huda su

Ga Osmia lignaria da makamantansa, faɗin ramin da ya dace shi ne milimita 7.5 zuwa 8. Zurfinsa santimita 15. Wannan zurfin shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa. Da yake ƙwayayen mata a ciki ake ajiye su, gajeren rami na santimita 7 ko 8 maza yake fi haifarwa, alhali mata ne ke gina gida kuma su ne ke yin mafi yawan barbara. Gidajen ado da ake sayarwa a shaguna da yawa suna da wannan aibi. Ramin da ya yi faɗi fiye da kima kuma yana sa uwa ɓata lokaci wajen ɗebo laka, wanda ya matse yana sa ta haifi maza.

Wanda ke son jawo nau'o'i daban-daban, ba magini kaɗai ba, sai ya gauraya ramuka daga milimita 3 zuwa 10. Ƙananan ramuka ba sa buƙatar zurfin manya, santimita 8 zuwa 10 ya ishe su.

A fara da zana layuka a fuskar katakon, a bar tazarar santimita 2 daga tsakiyar wani rami zuwa tsakiyar na kusa da shi, da irin wannan tazara daga gefe. A huda ta gefen katakon, wato ta inda ɓawon itacen yake a da, domin hudar da aka yi ta kan yanka, inda zoben shekarun itace ke bayyana, tana saurin tsagewa. A riƙe injin a miƙe don kada ramuka su haɗu a ciki, a riƙa zaro shi ana fitar da gari. Kada ramin ya ɓulla ta baya: ƙudan ba ya son rami mai ƙofa biyu, don haka a bar aƙalla santimita 1 zuwa 2 na katako a rufe.

Bayan an gama, a goge fuskar da samfefa, a naɗa samfefa a siririn sanda a goge cikin kowane rami, a kifa katakon a bubbuga har garin ya zube. Daga nan a kafa rufi wanda ya zarce fuskar da santimita 5 zuwa 8, ya ɗan karkata gaba don ruwan sama ya gangare. Wasu suna yin 'yan alamu masu launi a fuskar, domin uwa tana gane raminta da ido da kuma ƙamshin da ta bari, kuma layukan ramuka masu kama ɗaya sukan rikita ta.

Gida iri uku

Katakon da aka huda kawai shi ne mafi sauƙi, amma ba ya buɗuwa, don haka ba a iya tsaftace shi. Irin wannan gida ba a amfani da shi fiye da shekara biyu.

Iri na biyu shi ne katako mai rufin takarda a cikin rami. Ana huda shi har ya ɓulla, a ɗan ƙara faɗin ramin, a naɗe takarda marar tawada a zura, a bar ɗan tsawo a baya a lanƙwasa, sannan a ɗaure falanki a bayan da ƙusa mai murɗi. Idan kaka ta yi, a kwance falankin a zaro takardun da abin da ke cikinsu, a sa sababbi.

Iri na uku shi ne falankai masu kwari da ake jerawa bisa juna. Ana sassaƙa kwari a jikin kowane falanki ta yadda idan an haɗa biyu sai su ba da rami, a ɗaure su tam da noti ko igiyar roba. Wannan ne masu kiwo na sana'a suka fi so, domin ana warware shi a ga kowane ɗaki. Irin wannan tsari ne masu noman irin ciyawar alfalfa a Kanada suka bunƙasa tun shekarun 1960 wajen kiwon Megachile rotundata, ɗan'uwan magini mai yanka ganye. Bututun roba da na gilashi ba su dace ba, domin ba sa fitar da laima, abincin tsutsa kuma yana yin fumfuna a cikinsu.

Inda ake kafa shi

A ƙasashen sanyi ana fuskantar da gidan gabas ko kudu maso gabas, don hantsi ya ɗumama ƙudajen su fita aiki da wuri. Tsayinsa daga ƙasa mita 1 zuwa 2. A kafe shi sosai a jikin bango ko turke. Gidan da ke lilo a igiya yana sa ƙaramar tsutsa ta faɗo daga kan abincinta, kuma ba ta iya komawa. Saboda wannan dalili ba a motsa gidan a makonnin da uwaye ke aiki.

Magini ba ya nisa. Galibi a cikin mita 100 daga gidansa yake kiwo, don haka dole furanni su kasance kusa, kuma su ɗore tsawon makonnin rayuwarsa. Idan furen gonar ya kaɗe da wuri, ana buƙatar wasu tsirrai da za su cike giɓin. Laka ma wajibi ce. A haƙa ɗan rami kusa da gidan, a zuba ƙasa mai yumɓu, a riƙa jiƙa ta. Yashi ba ya kama bango, kuma uwar da ba ta samu laka ba ƙaura take yi. A guji feshin maganin ƙwari a kan itatuwa muddin suna cikin fure.

Abokan gaba da tsaftar shekara

A daji ramukan ƙudan a warwatse suke. Gidan katako yana tara su wuri ɗaya, abin da ke sauƙaƙa wa masu cin su. Akwai ƙananan ƙwari dangin kaska, na jinsin Chaetodactylus, da ke cinye abincin tsutsa, su yi ta hayayyafa har ɗakin ya cika, sannan su manne wa ƙudajen da ke ratsawa su bi su zuwa sabon rami. Akwai 'yar ƙaramar rina ta jinsin Monodontomerus da ke soka ƙwayayenta cikin kwanso ta kowace tsaga ko siririn bango. Akwai fumfunar Ascosphaera da ke kashe tsutsa ta ƙandare, ƙurarta kuma ta shafi duk wanda ya wuce. A Turai akwai ƙudan Cacoxenus indagator, wanda ke shiga ya yi ƙwai idan uwa ta fita, kuma a 'yan shekarun nan ya ɓulla a Arewacin Amurka. Maƙwaƙwafi da wasu tsuntsaye su ma suna fasa bakin ramuka. Maganinsu ragar waya mai idon da ƙuda zai iya ratsawa, a kafa ta santimita 5 ko fiye daga fuskar gidan.

Wani bincike da Scott MacIvor da Laurence Packer suka wallafa a 2015, bayan sun bi diddigin gidaje kusan 600 a birnin Toronto na Kanada cikin shekara uku, ya gano cewa dangin rina sun zauna a kusan kashi uku cikin huɗu na gidajen, kuma sun fi ƙudajen zuma na asalin yankin yawa. Masu binciken sun ja hankali cewa kafa gida kawai ba hujja ba ce ta cewa an taimaki ƙudan zuma.

Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin a nan jadawali ne. Da zarar uwaye sun daina zirga-zirga, a sauke gidan a hankali, bakin ramuka na kallon sama, a sa shi cikin jakar raga mai ƙananan ido a ajiye a inuwa mai iska. A watan Oktoba ko Nuwamba a buɗe falankai ko takardu a fitar da kwansunan. A ware masu huji da waɗanda suka ƙandare a zubar. A wanke masu kyau da ruwan sanyi, domin kwanson ba ya shan ruwa cikin 'yan mintuna, a shanya su a inuwa. Sai a adana su a wuri mai sanyin digiri 3 zuwa 5 da 'yar laima, kamar firji, cikin gwangwani mai ƙofofin iska da ɓera ba zai iya shiga ba. Nau'in yankunan da hunturu ya fi tsanani yana buƙatar kimanin wata shida na wannan sanyi. Falankan kuma a kankare su a wanke a busar.

Katakon da ba ya buɗuwa, idan lokacin fitowa ya yi, ana sa shi cikin akwati mai duhu da ƙofa ɗaya mai faɗin santimita 1, a ajiye sabon gida a kusa. Ƙudajen za su bi haske su fita, su kama sabon gidan. Bayan sun gama fita, a ƙone tsohon ko a sake huda ramukansa da baki mai ɗan faɗi a sa musu takarda.

Abin da ya shafi Najeriya da maƙwabtanta

Jinsin Osmia da ake kiwo ba na Afirka ta Yamma ba ne, kuma ba zai rayu yadda ya saba a inda babu dogon hunturu ba. Shigo da shi ma haɗari ne. A gabashin Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa nau'i shida na magini na asali sun ragu ƙwarai tsakanin 2003 da 2017, a daidai lokacin da Osmia taurus, baƙo daga Asiya, ya yi ta yaɗuwa.

Amma danginsa na kusa suna nan. Jinsin Megachile yana da nau'o'i da yawa a Afirka: wasu suna yanko ganye a zagaye su shimfiɗa a raminsu, wasu suna gini da laka ko ƙaro, kuma da yawansu suna shiga ramin da suka tarar a katako ko gora. Ana ganin su a furen wake da sauran danginsa, tare da manyan baƙaƙen ƙudajen Xylocopa masu huda itacen rufi da kansu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Wake yana iya barbarar kansa, amma kabewa da kankana da kokwamba ba sa 'ya'ya sai ƙwari sun kai musu garin fure, riɗi da auduga kuma suna ƙara yabanya idan ƙudajen zuma sun ziyarce su.

Wanda zai gwada gidan katako a nan, ƙa'idojin busasshen katako marar magani, da rami mai santsi mai rufaffen baya, da gauraya awo daga milimita 3 zuwa 10, duk suna aiki. Abin da ya bambanta shi ne zafi da gara. A kafa gidan a ƙarƙashin inuwar rufi inda hantsi kaɗai ke samunsa, nesa da ranar azahar da feshin ruwan damina, a kan turken ƙarfe ko bangon siminti, a kuma kare shi daga tururuwa. Batun firji bai taso ba, domin ƙudajen nan ba sa kwanan hunturu. Sauya gida da akwati mai duhu ya wadatar. Idan dangin zanzaro suka kama wasu ramuka, ba asara ba ce, tunda tsutsotsin da ke cin amfanin gona suke farauta.

Gidan katako ba ya maye gurbin daji. Mafi yawan ƙudajen zuma masu zaman kaɗaici a ƙasa suke kwana, don haka barin ɗan fili ba noma, da busassun rassa da karare a gefen gona, da rage ƙona daji, suna cikin abin da ke raya su. Haka kuma furen wake da safe yake buɗewa ya rufe kafin rana ta take, saboda haka idan feshi ya zama dole, yin sa da yamma ya fi sauƙi a kan ƙudajen. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 20 ga Mayu a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya tun Disambar 2017, bisa shawarar ƙasar Sulobeniya, kuma bikin ya haɗa da waɗannan ƙudaje da ba sa ba da zuma amma suke sa itatuwa da gonaki su yi 'ya'ya.